Alƙalamin da Ya Koma Makarantar Dutse: Bitar Littafin Duniyar Fu Shan

Ana jiƙa takarda mai laushi, a shimfiɗa ta a fuskar dutsen da aka sassaƙa wa rubutu, a bi ta da burushi ana bubbugawa sannu a hankali har ta nutsa cikin kowane rami da ƙarfen masassaƙi ya bari. In ta fara shan iska, sai a ɗauko ƙullin tsumma da aka dangwala a tawada, a riƙa dannawa daga wannan gefe zuwa wancan. Filin takardar ya yi baƙi wuluk, haruffan su fito farare tas. Haka Sinawa suka daɗe suna ɗaukar rubutun duwatsunsu su kai gida, tun kafin a san wani abu wai shi kyamara. Sai dai takardar ba ta da zaɓi. Duk abin da ta tarar a jikin dutse shi take ɗaukowa: hannun wanda ya rubuta, kaifin ƙarfen wanda ya sassaƙa, tsagar da sanyi ya yi, da inda ruwan sama na shekara dubu ya cinye bakin harafi. Wanda ya buɗe irin wannan takardar dangwale a kan teburinsa, aikin hannun mutum da aikin zamani yake kallo a cakuɗe.

Yadda aka yi masu ilimin ƙasar Sin suka fara ganin kyau a wannan cakuɗe, har suka ɗauki alƙalamin gashinsu suna kwaikwayonsa, shi ne abin da Bai Qianshen ya bi diddigi a littafinsa Fu Shan's World, wato Duniyar Fu Shan, wanda cibiyar nazarin Asiya ta Jami'ar Harvard ta buga da Turanci a 2003, aka kuma fitar da shi da Sinanci bayan 'yan shekaru. Marubucin ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Yale, ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Boston kafin ya koma Jami'ar Zhejiang, kuma shi kansa mai riƙe alƙalami ne. Wannan na ƙarshe yana fitowa a aikin. In yana bayanin inda gashin alƙalami ya juya ko inda tawada ta yi yawa, za ka ji maganar wanda ya taɓa ɓata takarda da hannunsa.

Kafin a ga girman abin da ya canza, sai an san inda ake. Sama da shekara dubu, in an ce kyawun rubutu a ƙasar Sin, Wang Xizhi ake nufi, mutumin ƙarni na huɗu wanda rubutun da ya yi a wani taron abokai a Lanting a shekarar 353 ya zama ma'aunin kowa. Santsi, natsuwa, hannun ɗan babban gida da ba ya nuna ya wahala. A shekarar 992 sarkin daular Song ya sa aka tattara wasiƙu da guntayen rubutun magabata, mafi yawa na Wang Xizhi da ɗansa, aka sassaƙa su a alluna aka buga kundin da ake kira Chunhua. Daga nan kowane ɗalibi ya samu abin koyi. Allunan kuwa suna tsufa, sai a sake sassaƙa wasu daga tsohon kwafi, wasu kuma daga sabon, har rubutun ya zama kamar labarin da ya bi bakuna goma: ga sunan mai shi, amma ɗanɗanon ya tafi. Tara rubutun tsoffin duwatsu da tukwanen tagulla ba sabon abu ba ne a lokacin, don tun ƙarni na 11 Ouyang Xiu ya tara takardun dangwale har dubu. Amma galibi don tarihi ake tara su. Hannu kuwa wurin Wang Xizhi yake zuwa karatu.

Dabara ta farko da ta burge ni a littafin ita ce Bai bai fara da faɗuwar daular Ming ba, ko da yake nan ne labarin ya fi zaƙi. Ya koma baya, zuwa ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17, lokacin da kasuwanci ya buɗe, maɗaba'u suka cika birane da littattafai masu araha, 'yan mishan irin su Matteo Ricci suka shigo da taswirori da agogo, mutane kuma suka kamu da son duk abin da yake baƙo ko na ban mamaki. Sinawa suna da kalma ɗaya ga wannan, qi, kuma Bai ya nuna yadda ta zama yabo mafi tsada a bakin masu fasaha. Dong Qichang yana kwafin magabata yana sauya su yadda ya ga dama. Wang Duo yana tono tsoffin siffofin haruffa da ba kowa ke iya karantawa ba, yana kuma cika alƙalami da tawada har ta malala ta cinye gefen harafi. A lokacin ne kuma masu ilimi suka shiga sassaƙa hatimi da kansu a kan dutse mai taushi, suna kwaikwayon hatiman daular Han da aka tono daga ƙasa. Tsoffin hatiman nan duk sun ci duka, gefensu a gutsure. Ana ba da labarin cewa Wen Peng, jagoran wannan sana'a, in ya gama sabon hatimi sai ya jefa shi a akwati ya sa yaro ya yini yana girgizawa, don ya fito da kamar tsufa. Ke nan ido ya riga ya koyi son gutsurarren abu tun kafin ƙasar kanta ta gutsure. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan babi ya nuna inda tsamin ya faro.

Sannan ga Fu Shan. An haife shi a 1607 a yankin Taiyuan na lardin Shanxi, gidan ilimi. Yana ɗalibi ya jagoranci 'yan uwansa zuwa Beijing don neman a saki malaminsu Yuan Jixian da aka ɗaure bisa ƙazafi, suka kuwa yi nasara. A 1644 dakarun ɗan tawaye Li Zicheng suka ci Taiyuan suka ci Beijing, sarki ya rataye kansa, 'yan Manchu suka shigo daga arewa suka kafa daular Qing. Fu Shan ya zama malamin addinin Dao, ya sa jar riga, abin da ya ba shi damar kauce wa askin da sababbin masu mulki suka tilasta wa maza. Dukiyar gida ta tafi. Da magani da rubutu ya riƙa ci, don likita ne da har yau ake ambatonsa a Shanxi. A 1654 aka kama shi bisa zargin haɗa baki da masu shirin tawaye, ya yi kusan shekara a ɗaure.

Nan ne littafin ya yi abin da na fi yaba masa. A bakin jama'a Fu Shan gwarzo ne da bai taɓa sunkuya wa baƙin sarakuna ba, kuma da sauƙi marubuci ya bi wannan hanya ya huta. Bai ya buɗe wasiƙun mutumin. Sai ga shi yana rubuta wa Wei Yi'ao, Basine da ya karɓi muƙami a ƙarƙashin 'yan Manchu, yana neman taimako a kan harajin gona, a kan wurin zama, a kan ƙananan buƙatun gida. Da aka kama shi ma, shaidar wannan jami'i tana cikin abin da ya fitar da wuyansa daga igiya. Mai ƙin sabuwar daula yana rayuwa a inuwar ma'aikatanta, su kuma suna samun mutunci da ɗan sauƙin zuciya daga abota da shi, yana biyan su da rubutu. Bai bai kawo wannan don ya kunyata shi ba, ni ma ban ga ya ragu a idona ba. Ya dai zama mutum mai ciki da iyali, kuma daga nan ne na fara yarda da sauran abin da littafin zai faɗa a kansa.

Abin da Fu Shan ya fi shahara da shi wata nasiha ce da ya bar wa 'ya'ya da jikoki, inda ya fifita rubutu mai kaushi, mai muni, mai kama da wanda ya tarwatse, a kan rubutu mai ƙwarewa da kwarkwasa da santsi da tsari. Bai ya mayar da nasihar cikin mahallinta. Fu Shan ya ba da labarin cewa yana saurayi ya kwaikwayi Zhao Mengfu, sai ya ga cikin ɗan lokaci har ba a bambanta su, kuma sauƙin nan shi ya tsorata shi. Zhao Mengfu jinin sarautar Song ne da ya yi wa Mongol aiki bayan sun ci ƙasarsa. Santsin hannunsa, a ganin Fu Shan, santsin hali ne. Don haka ya koma ga Yan Zhenqing na daular Tang, mai rubutu kakkaura kamar ginshiƙi, wanda ya ƙi bin ɗan tawaye Li Xilie a tsufansa har aka kashe shi. Kalmar da Fu Shan ya yi amfani da ita ga tarwatsewa kuwa daga littafin Zhuangzi ta fito, sunan wani nakasasshe ne da nakasarsa ta hana a ɗauke shi aikin sarki. Muni ya zama hanyar cewa ni ba na cikinku.

A nan ina da ɗan ja da Fu Shan, ba da Bai ba. Wang Duo yana cikin manyan da suka miƙa birnin Nanjing ga 'yan Manchu a 1645, ya kuma karɓi muƙami, amma rubutunsa ba shi da santsin da aka ce alamar maci amana ne, kuma Fu Shan ya yaba masa, ya sha daga gare shi. Shi kansa Fu Shan da ya tsufa ya sassauta wa Zhao Mengfu. Karanta hali daga tawada abu ne mai daɗi a baki, mai wuya a tsaya a kai.

Babi na uku shi ne zuciyar littafin ga mai son sanin tasirin duwatsu. A shekarun 1660 da 1670 Shanxi ta zama mahaɗar malamai. Gu Yanwu ya ziyarci Fu Shan a 1663, Zhu Yizun da Yan Ruoqu duk sun ratsa. Mutanen nan sun ɗora wani ɓangare na laifin faɗuwar Ming a kan malaman da suka shagala da falsafar fatar baki, don haka suka ce a koma ga hujja: yaya ake furta wannan harafi a da, yaya ake rubuta shi, wace shekara abu kaza ya faru. Littafi ana kwafarsa ana kuskure, dutse kuwa yana nan yadda aka kafa shi. Sai suka bazama dawa da tsaunuka da kangayen wuraren ibada, suna kakkaɓe ƙaya da gansakuka, suna durƙusawa gaban allunan dutse na daular Han. Bai ya lura da abin da ke ƙarƙashin wannan yawo. Mutumin da daularsa ta faɗi jiya, in ya tsaya gaban karyayyen dutsen daular da ta faɗi shekara dubu da ɗari huɗu da suka wuce, bincike yake yi, makoki kuma yake yi, kuma babu jami'in da zai kama shi don ya yi kuka a gaban dutse.

Da ido ya daɗe a kan abu, hannu sai ya bi. Rubutun da ke jikin allunan Han shi ne wanda za a iya kira rubutun akawu, don ma'aikatan hukuma ne suka yaɗa shi. Haruffansa masu faɗi ne, a kwance, kuma akwai layi ɗaya da yake farawa a dunƙule ya ƙare a baje, wanda Sinawa ke kwatantawa da kan tsutsar siliki da wutsiyar dinya. Kafin wannan zamani masu koyonsa sun fi bin sigar da ta biyo ta hannun mutanen Tang da na Ming, wadda aka goge aka daidaita har ta zama kamar tsayayyen rubutu na yau da kullum da aka sa wa ado. Yanzu sai aka koma tushe. Zheng Fu, wani likita a Nanjing, ya ƙarar da ƙarfinsa da kuɗinsa wajen neman duwatsun Han yana koyi da su. Fu Shan kuma ya dage cewa duk wanda bai san rubutun akawu da tsohon salon da ake kira rubutun hatimi ba, tsayayyen rubutunsa ba zai rabu da arha ba. Bayanin da Bai ya yi na yadda wannan ya karya tsarin Tang yana cikin mafi kyawun shafukan littafin. A tsarin Tang kowane harafi yana zaune daidai a tsakiyar murabba'insa kamar soja a fareti. A dutsen Han wani harafi ya yi ƙato, na kusa da shi ya tsuke, wani ya jingina hagu, kuma layin bai faɗi ba. Ko wanda bai san harafin Sinanci ko ɗaya ba, in ya dubi hotunan da aka jera gefe da gefe, zai ga abin da ake faɗa. Gani ya kori ji.

Amma akwai dutse ɗaya da ya riƙa yi mini yawo a rai ina karatu. Allon Cao Quan, wanda aka kafa a shekarar 185, ya kwana a binne fiye da shekara dubu kafin a tono shi a Heyang ta lardin Shaanxi a zamanin sarki Wanli na Ming, kuma yanzu yana gidan adana alluna na Xi'an. Da yake ƙasa ta rufa masa asiri daga ruwa da iska, haruffansa sun fito garau, siriri, masu lanƙwasa da taushi. Babu muni a jikinsa ko kaɗan. Na san akwai duwatsun Han da tun asali kaushi ne da su, kamar allon Zhang Qian na 186, wanda Gu Yanwu ma ya yi shakkar sahihancinsa saboda kurakuran haruffa. Duk da haka Cao Quan yana tilasta tambaya: cikin kaushin da Fu Shan da abokansa suka so, nawa ne na marubucin Han, nawa ne na masassaƙi, nawa ne na damina? Bai ya san da tambayar, ya kuma taɓo ta inda yake maganar son gutsurarren abu. Amma littafinsa na masu ilimi ne da wasiƙunsu da abotarsu. Mutumin da ya riƙe guduma da ƙarfe ya huda dutsen, wanda shi ya mayar da lanƙwasar gashi ta zama kusurwa, ya rage a duhu yadda ya saba. Mai son ganin duwatsu a inda suke tsaye, a jikin tsauni da bakin hanya, sai ya haɗa da littafin Robert Harrist na 2008, The Landscape of Words.

Wani jan kuma ya shafi shi Fu Shan ɗin. In ka cire nasihohinsa ka dubi takardunsa, rubutunsa na hatimi da na akawu ba su ne suka sa ake tuna shi ba. Akwai wani dogon naɗi nasa da Bai ya daɗe a kai, Selu miaohan, inda ya cakuɗa salo iri-iri, ya wargaza haruffa ya sake harhaɗa su, har masani sai ya yi gumi kafin ya karanta. Abin sha'awa ne, amma ni ƙamshin wasan ƙarshen Ming na fi ji a ciki fiye da ƙamshin dutse. Girman Fu Shan yana cikin rubutu mai gudu, dogayen takardun rataye da alƙalami ke sauka daga sama har ƙasa yana murɗewa kamar igiya ba tare da an ɗaga shi ba, kuma wannan salo daga gidan Wang Xizhi ya fito, ta hannun Wang Duo. Ke nan mai wa'azin dutse da alƙalamin tsohuwar makaranta ya ci suna. Bai bai ɓoye wannan ba, babinsa na ƙarshe a kansa yake, ya kuma nuna yadda irin wannan rubutu mai zafi ya dusashe bayan Fu Shan, da zamanin bincike da taka-tsantsan ya kankama. Abin da nake gudu kawai shi ne mai karatu ya fita da zaton an gama sauyin a ƙarni na 17. Tsiro ne aka gani a lokacin. Sai da Deng Shiru ya zo a ƙarni na 18 hannu ya cim ma abin da baki ya faɗa, sai da Ruan Yuan ya raba fasahar gida biyu, ta duwatsun arewa da ta wasiƙun kudu, sannan Bao Shichen da Kang Youwei suka mayar da ita aƙida a ƙarni na 19, suna ɗaukaka rubutun daular Wei ta Arewa irin na kogunan Longmen. Wanda ya san ƙarshen labari yana iya ganin annabci a kowace kalmar Fu Shan, kuma a wurare kaɗan na ji littafin ya karkata can.

Wani ɗan abu da ya wuce da sauri a littafin ya fi girmansa. Fu Shan ya yaba wa rubutun yara da na mutanen da ba su yi karatu mai zurfi ba, yana ganin wata gaskiya a hannunsu da ƙwararru suka rasa. Bai bai bar wannan zare ya faɗi ba. A shekarar da wannan littafi ya fito, ya buga wani da Sinanci wanda ya taso daga allon wani shagon gyaran gashi mai suna Juanjuan da ya gani a yankin Chongqing. Tambayarsa a can mai kaifi ce: in karkataccen rubutun wani masassaƙi marar suna na shekara dubu da ɗari biyar ya zama abin koyi a makarantu, me ya hana na mai shagon nan da take raye? Karanta littattafan biyu tare yana nuna cewa marubucin ya ga ramin da ke ƙarƙashin makarantar dutse sarai, ya dai ajiye shi don wani zama.

Littafin ba na karantawa a tsaye ba ne. Sunaye suna da yawa, wasu shafukan tarihin siyasa da na ilimin furuci sun yi nisa da alƙalami har ka manta rubutu ake magana, kuma da an rage su da ba a yi asara ba. Abin da ke riƙe mutum shi ne Bai ba ya faɗin abu bai nuna takarda ba. Har aikin gaggawa da Fu Shan ke yi don biyan masu roƙo, wanda shi da kansa yake ƙorafi a kai, da waɗanda ɗansa Fu Mei ya rubuta da sunansa, duk an kawo su an auna.

A 1679 aka yi wata jarrabawa ta musamman da sarki Kangxi ya kira don jawo manyan malamai cikin gwamnati. Aka matsa wa Fu Shan, yana da shekara saba'in da 'yan kai, aka ɗauko shi a kan gado har bakin Beijing. Ya ce ba shi da lafiya, ya ƙi zama jarrabawar, aka ba shi muƙamin girmamawa duk da haka, ya koma Shanxi bai taɓa amfani da shi ba. Bayan shekara biyar Fu Mei ya rasu. Shi ne ɗansa tilo, wanda uwarsa ta mutu yana ƙarami uban kuma bai sake aure ba, wanda ake cewa tare suke jan amalanken magani daga gari zuwa gari, da dare uban ya sa shi karatu. Tsohon ya zauna ya rubuta jerin waƙoƙin makoki a dogon naɗi, kuma da wannan naɗi Bai ya rufe nazarin ayyukansa. Alƙalamin da ya yi shekara arba'in yana koyon karyewa daga duwatsu, a nan ba ya kwaikwayon kowa. Bai daɗe ba ya bi ɗan nasa.